Boilar gida ta ƙare: kombi mai kilowat 40 ko sistem mai 18 da silinda?

Abban_Hafsa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin ɗumama gida. Boilar gidan, wato na'urar da ke dafa ruwan wanka da na ɗumama ɗakuna, ta gas ce, tsohon ƙira, mai tankin ruwan sanyi a saman silin da silindar ruwan zafi a kabad. A jikinta an rubuta kilowat 24. Yanzu tana yoyo daga ciki, kayan gyaranta kuma babu su a kasuwa. Gidan ɗakin kwana huɗu ne, banɗaki biyu masu shawa, radiyeta 12 (ƙarafunan jikin bango da ruwan zafi ke zagayawa cikinsu don ɗumama ɗaki), mutum shida. Masu aiki biyu sun duba. Na farko ya ce a cire tankuna gaba ɗaya a sa boila irin kombi mai kilowat 40. Na biyu ya ce a sa irin sistem mai kilowat 18 da sabuwar silinda ta lita 210. Ta yaya gida ɗaya zai buƙaci 40 a wajen wani, 18 a wajen wani? Wanne ne ke kan daidai?

Injiniya_Sabo:
Wa alaikumus salam Abban Hafsa. Ba abu ɗaya suke aunawa ba, shi ya sa lambobin suka yi nisa da juna. Kombi ba ta ajiye ruwan zafi. Kana buɗe famfo take dafa ruwan yana wucewa, don haka girmanta ya dogara ne da lita nawa kake so a minti ɗaya. Lissafin shi ne: lita a minti, sau digirin da za a ɗaga ruwan, sau 0.07, abin da ya fito shi ne kilowat ɗin da ake buƙata. A tsakiyar hunturu ruwa yana shigowa gida wajen digiri 5, wanka kuma yana son 40, ke nan ɗagawar digiri 35. Kombi mai 24 za ta ba ka kusan lita 10 a minti, mai 30 lita 12, mai 35 lita 14, mai 40 lita 16 da 'yan kai. Na farko ya ga banɗaki biyu ne ya ɗauko mafi girma.

Sistem kuwa silinda ce ke riƙe ruwan wankan, aikin boilar shi ne ɗumama ɗakuna da sake ɗumama silindar idan ta huce. Girmanta ya dogara ne da zafin da gidan ke zubarwa ta bango da taga da rufi a ranar da ta fi kowace sanyi. Gida irin naka da wuya ya wuce kilowat 10.

Kafin ka amsa wa kowa, a auna abu biyu: ruwan da ke shigowa gidan, da zafin da gidan ke asara.

Maman_Sadiq:
Mutum shida da banɗaki biyu, ni dai silinda zan ce ba tare da dogon lissafi ba. Da kombi, wani na wanka a sama wani ya buɗe famfon kicin, na saman zai ji a jikinsa.

Dan_Falamba:
Hajiya gaskiyarki, amma a bari a auna tukuna. Ga yadda za ka yi Abban Hafsa. Je famfon ruwan sanyi na kicin, shi ne yawanci ke zuwa kai tsaye daga babban layi ba ta tankin sama ba. Ɗauki bokiti mai lita 10, buɗe famfon har ƙarshe, ka ƙirga daƙiƙa nawa ya cika. Raba 600 da adadin daƙiƙun, abin da ya fito shi ne lita a minti. Ka yi da safe lokacin da maƙwabta ma ke amfani da ruwa, kada ka yi da tsakar dare ka yaudari kanka. Sannan ka sake yi alhali an buɗe wani famfon da ke kan babban layi, kamar na waje. Idan akwai geji, a ɗaura shi a famfon waje a karanta matsi sau biyu: duk famfuna a rufe, da kuma ɗaya a buɗe. Na biyun ne mai amfani. Ana ƙirga matsi ne da "ba" (bar a Turance). Gida zai iya nuna ba 3 ana rufe, a buɗe famfo ɗaya ya faɗo ƙasa da ba 1.

Kawu_Lawal:
A ɗauki babba kawai a huta. Gara ta yi yawa da ta gaza ranar da ƙanƙara ta sauka.

Injiniya_Sabo:
Kawu, a nan dai babba ba hutu ba ce. Boilar zamani tana rage wutarta da kanta, amma tana da ƙasan da ba ta iya sauka ƙarƙashinsa. Wasu suna sauka zuwa kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfinsu, masu kyau zuwa ɗaya cikin goma. Mai 40 da ke tsayawa a ɗaya cikin biyar, mafi ƙarancin wutarta kilowat 8 ne. Yawancin kwanakin hunturu ba masu tsananin sanyi ba ne, gidan zai nemi kilowat 3 ko 4 kawai. Sai ta kunna, cikin minti biyu ruwan ya kai zafin da aka sa mata, ta mutu, ta jira, ta sake kunnawa. Duk kunnawa sai fanka ta share ɗakin wuta da iska mai sanyi, sai tartsatsin kunnawa ya buga, bawul ɗin gas ya buɗe. Gas na tafiya, kayan ciki na cinyewa, ɗakuna kuma zafi ya zo ya tafi. Don haka a takardar bayanan kowace boila, layin da za a fara dubawa shi ne mafi ƙarancin ƙarfi, kafin mafi yawa.

Kawu_Lawal:
To ai tsohuwar 24 ce kuma ta yi shekaru tana aiki. Me zai sa a sauko 18?

Binta_Makamashi:
Kawu lambar da ke jikin tsohuwar ba hujja ba ce. A da ana ƙirga radiyeta ne a ƙara kaso a kai don kada a kira mai aiki a ce gida bai yi ɗumi ba. Kuma mai yiwuwa bayan sa ta an canja tagogi zuwa masu gilashi biyu, an shimfiɗa abin riƙe zafi a saman silin. Duk wannan ya rage buƙatar gidan, boilar ba ta sani ba.

Abban Hafsa, mitar gas za ta faɗa maka gaskiya fiye da ƙiyasin kowa, tunda tsohuwar tana ɗan aiki har yanzu. Zaɓi rana mai sanyi marar hasken rana sosai. Bar ɗumamar a kunne yini da kwana a digiri 20. Karanta mita, bayan awa 24 ka sake karantawa, ka rubuta matsakaicin sanyin waje na ranar. Kowace kubik mita ta gas tana da kusan kilowat-awa 11. Cire na girki da na ruwan wanka. Abin da ya rage ka ninka da ingancin tsohuwar boilar, irin waɗannan da ba sa tatsar tururi a ɗauka kashi 75 cikin ɗari. Raba da 24. Kawo lambobin nan mu ƙarasa tare.

Wannan bai maye gurbin lissafin ɗaki-ɗaki da mai aiki ya kamata ya yi ba, inda ake auna bango da taga da ƙasa na kowane ɗaki. Amma zai nuna maka ko wanda ya zo ya yi lissafi ne ko ya hango gidan daga bakin ƙofa.

Shehu_Gas:
Wani abu da ba a taɓo ba: bututun gas. Tsofaffin boila da yawa bututun milimita 15 ne ke kai musu gas. Kombi mai 40 tana shan kusan kubik mita 4 a awa idan tana dafa ruwan wanka, mai 18 kuma wajen 2. Ƙa'idar aiki a Birtaniya ita ce kada matsin gas ya ragu fiye da miliba 1 (kashi ɗaya cikin dubu na ba) tsakanin mita da na'ura. Don a cimma haka da mai 40 sai an ja milimita 22, idan tazarar na da tsawo ko lanƙwasa sun yi yawa a fara da 28 daga mita. Wannan yana nufin ɗaga katakon ƙasa ko bi ta jikin bango a waje. Ka tambayi na farko ko ya sa wannan a takardarsa. Idan gas bai ishe ta ba, ba za ta taɓa kai lita 16 ɗin da aka saye ta dominsa ba, kuma wutar murhun girki tana iya raguwa duk lokacin da ta tashi.

Ummu_Khalil:
Don Allah a yi mini bayanin "tatsar tururi" da Binta ta ambata. Duk sababbin haka suke?

Binta_Makamashi:
Kusan duka, Yaya. A Ingila da Wales tun watan Afrilu 2005 doka ta wajabta irinsu ga sabuwar boilar gas, kuma tun Afrilu 2018 a Ingila sai mai ingancin kashi 92 zuwa sama. Idan gas ya ƙone yana fitar da tururin ruwa a cikin hayaƙin. Tsohuwar boila tana sakin hayaƙin da zafinsa. Sabuwar tana sanyaya shi har tururin ya koma ruwa, ta karɓe zafin da ya saki. Sharaɗin shi ne ruwan da ke dawowa daga radiyeta ya kasance ƙasa da digiri 55 ko makamancin haka, in ba haka ba tururin ba zai zama raɓa ba. Iya sanyin ruwan dawowa, iya ribar.

A nan ake asara a gidaje da yawa. A sa sabuwar boila, a bar ta a kan digiri 75 ko 80 yadda ta fito daga kwali, ruwa ya dawo a 65, ta shekara tana aiki kamar tsohuwa. A sa ruwan fita a 55 ko 60 a gani. Idan ɗakuna sun yi ɗumi a ranar sanyi, a bar ta nan, a ma ƙara saukarwa.

Dan_Falamba:
Sai dai a faɗi ɗaya ɓangaren. Ƙarfin da ake rubutawa a kwalin radiyeta an auna shi ne da ruwa mai shiga a 75, mai fita a 65, ɗaki a 20, wato tazarar digiri 50 tsakanin jikinta da iskar ɗaki. Idan ka koma 55 da 45 tazarar ta zama 30, ƙarfin ya faɗo kusan rabi. Mai wat 1,500 za ta ba da wajen 770. Yawancin ɗakuna za su jure saboda dama radiyetocin sun yi musu yawa, amma kullum akwai ɗaki ɗaya ko biyu da za su gaza, galibi falo mai babbar taga ko ɗakin da ke da bango biyu a waje. Maganinsa a canja ta wannan ɗakin zuwa mai fuska biyu da fiffike biyu, tsawo ɗaya faɗi ɗaya, bututu ba ya motsi. Lokacin da aka zubar da ruwan layin radiyeta don canjin boila shi ne lokacin yin wannan.

Abban_Hafsa:
Na gode ƙwarai. Ga abin da ya fito. Bokitin lita 10 ya cika a daƙiƙa 43 da safe. Da aka buɗe famfon waje ƙarfin na kicin ya ragu sosai. Mita kuma ta ci kubik 18 cikin awa 24, waje yana wajen digiri 2, ciki 20.

Binta_Makamashi:
Madalla. 18 sau 11 ya ba da 198. A cire kamar 25 na wanka da girkin mutum shida, saura 173. Sau 0.75 ya zama kusan 130. Raba da 24, kilowat 5.4 a tazarar digiri 18. Idan ana so gidan ya riƙe 20 alhali waje yana 3 ƙasa da sifili, tazarar ta zama 23, sai a ninka 5.4 da 23 a raba da 18: kusan kilowat 7. Ƙara kaso don iska mai ƙarfi da saurin ɗumama da safe, ka ce 9. Ko mai 18 ɗin ta ninka buƙatar ɗakunan. Mai 15 ko ma 12 za ta riƙe gidan, abin da 18 ke ƙara maka shi ne saurin mayar da zafin silinda.

Injiniya_Sabo:
Lambar ruwan ce ta fi damuna. Daƙiƙa 43 lita 14 ke nan a minti. Kombi mai 40 tana iya dafa 16, layin gidan ba ya kawo 16. Ka sayi ƙarfin da ba za ka taɓa amfani da shi ba. Shawa ɗaya mai daɗi tana cin lita 8 zuwa 10. Biyu a lokaci guda 18, kai kuma 14 gare ka, kuma daga cikinta ne tankin masai da injin wanki ke sha.

Kuma Maman Sadiq, a nan silindar ma ba ta tsira ba. Idan irin wadda ake rufewa ce mai aiki da matsin babban layi, ruwan da ya shiga ta ƙasa shi ke turo na zafi ta sama. Lita 14 ta shiga, 14 za ta fita, a raba tsakanin zafi da sanyi. Masu aiki kan so ganin wajen lita 20 a minti da matsi mai kyau famfo a buɗe kafin su ba da shawarar irinta ga banɗaki biyu. Abin da ta fi kombi da shi a nan shi ne zafin ba zai riƙa hawa da sauka ba, amma ƙarfin ruwan zai ragu a duka biyun.

Maman_Sadiq:
To Injiniya me ya rage ke nan? Kombi ba ta yi ba, silinda ba ta yi ba.

Dan_Falamba:
Kafin a yanke wa layin hukunci a duba abu uku. Bawul ɗin tsayar da ruwa na cikin gida, yawanci ƙarƙashin sinkin kicin, ko a buɗe yake har ƙarshe. Na waje kusa da mitar ruwa ma haka, sau da yawa bayan wani gyara ana barinsa rabi. Sannan bakin famfon kicin kansa: na zamani suna da ragar da ke taƙaita ruwa da siririn tiyo a ƙasa, don haka ma'aunin famfon waje ya fi gaskiya. Ba mamaki 14 ta koma 18 ko 20.

Idan ba ta motsa ba, dubi bututun da ya shigo daga titi. Tsohon na milimita 15 ko na dalma shi ne maƙogwaron. A canja shi da na roba mai milimita 25 ko 32. Idan na dalma ne dama ya cancanci fita saboda ruwan sha. In haƙa ba zai yiwu ba, akwai tanki mai balan-balan a ciki da ke tara ruwa da matsi lokacin da ba a amfani, ya sake shi lokacin wanka, amma yana cin wuri kuma sai matsin layin a rufe yana da kyau.

Kawu_Lawal:
Ko kuma a bar tankin sama inda yake. Wa ya ce dole a cire shi?

Injiniya_Sabo:
Wannan karon ina bayan Kawu. Gidan da ruwansa ke da rauni shi aka ƙirƙiri tankin sama dominsa: yana cika a hankali, ya ba da ruwa da yawa a lokaci guda. A sa sabuwar boila mai ɗumama kaɗai ko sistem, a canja silindar da sabuwa mai kaurin rufi da babban nadin bututu a ciki, a sa famfon tura ruwa mai baki biyu ga shawa. Shawa biyu za su yi aiki tare ba ruwansu da layin titi. Aibinsa ƙarar famfon, da tankin da ke buƙatar murfi da rufi don kada ya daskare, da cewa idan an zuƙe shi sai an jira.

Shehu_Gas:
Idan an bi ta silinda, kowace iri ce, ga lissafinta. Lita 210 daga digiri 10 zuwa 60 tana cin kusan kilowat-awa 12. Boila mai 18 za ta gama cikin minti 40, da sharaɗin nadin bututun cikin silindar zai iya karɓar 18 ɗin, a duba takardarta. Ruwan 60 idan an surka shi zuwa 40 yana ba da wajen lita 350, wankan mutum huɗu ke nan a jere, na biyar ya lallaɓa. Kada a sauke zafin ajiyar ƙasa da 60 don tsimin gas. Ƙwayar cutar lejiyonela tana yaɗuwa a ruwan da ke tsakanin 20 da 45.

Wannan ya kawo matsala ga shawarar Binta ta sauke ruwan fita zuwa 55, domin ruwan 55 ba zai kai silinda 60 ba. Mafita ita ce a haɗa wayoyin yadda ruwan wanka ke da fifiko: idan silinda ta nema, boilar ta rufe wa radiyeta, ta hau 70 ko 75, ta gama cikin rabin awa, ta sauko ta koma wa ɗakuna a 50. Ba kowace boila ke iya zafi biyu ba, kuma ba kowane mai aiki ke haɗa shi ba sai an nema. A tambaya kafin a saya.

Hauwa_K:
Ni tambayata, me ya sa ba wanda ya ambaci famfon zafi (heat pump), na'urar lantarki da ke janyo zafi daga waje ta shigo da shi gida? Gidan da asararsa kilowat 7 ce ai ya dace da shi.

Binta_Makamashi:
Ya dace ƙwarai Hauwa. Yana ba da zafi kusan ninki uku na lantarkin da ya ci, wani lokaci fiye, idan ruwan fita bai wuce 45 ba. Amma yana son radiyeta manya, silinda ta musamman, da wuri a waje, kuma riba ko asara ta dogara da tazarar kuɗin lantarki da na gas a inda mutum yake. Abin lura ga Abban Hafsa shi ne: wanda ya cire silinda ya mayar da kabad ɗin wurin ajiye kaya, ya toshe wa kansa wannan hanyar nan gaba. Wanda ya bar silinda ya kuma gyara radiyeta don ruwa mai sauƙin zafi ya yi rabin aikin.

Malam_Tukur:
A dawo kan boila. Wane kamfani? Worcester Bosch, Vaillant, Viessmann, Baxi, Ideal, kowa da wanda yake yabo.

Injiniya_Sabo:
Malam sunan kamfani shi ne na ƙarshe a jerina. Ka duba mafi ƙarancin ƙarfi. Ka duba ko akwatin musayar zafin na bakin ƙarfe marar tsatsa ne ko na alminiyam. Na alminiyam yana aiki lafiya amma ya fi tsantseni da ingancin ruwan layi, sai an kiyaye sinadarinsa. Ka duba ko kayan gyara da masu gyaranta suna kusa. Sannan yaren da take magana da na'urar saita zafi. Wasu suna jin OpenTherm, wanda kamfanoni da yawa ke amfani da shi, Vaillant na da nata eBUS, Worcester Bosch na da nata EMS. Idan na'urar bango ba ta jin yaren boilar, kunna da kashe kawai za ta riƙa yi mata, duk iya rage wutar da ka biya ta tafi a banza. Wadda ke jin yaren tana sauke zafin ruwa yayin da ɗaki ke kusantar inda aka sa shi. In an ƙara ƙaramin ma'auni a bangon waje, ɓangaren da rana ba ta dukansa, boilar za ta riƙa bin yanayi da kanta.

Dan_Falamba:
Kuma mafi kyawun boila za ta mutu da wuri a kan ƙazamin layi. Layi mai tanki a sama da ya yi shekaru yana cike da baƙin laka, tsatsar cikin radiyeta ce. Alamarsa radiyeta mai zafi a sama, sanyi a ƙasa ta tsakiya. Hanyoyin ruwa a tsohuwar boila manya ne, laka na wucewa. Na sabuwa sirara ne, kombi ma ta fi, don tana da ƙaramin akwatin faranti na ruwan wanka da ke toshewa, sai ka ji shawa na zafi na sanyi. Tsarin aikin: a zuba maganin wanki a bar shi ya zagaya da tsohuwar boilar na wasu kwanaki in tana tashi, a wanke radiyeta ɗaya bayan ɗaya har ruwa ya fito fes, a ɗaura matata mai maganaɗisu a bututun dawowa dab da boila, a cika, a zuba maganin hana tsatsa daidai da yawan ruwan. A gwada ƙarfin maganin duk shekara, a sabunta shi duk shekara biyar. Idan bututun radiyeta sirara ne na milimita 8 ko 10, injin wanki mai ƙarfi ba ya yi musu sosai, gara a cire radiyetocin a wanke su a waje da tiyo. Inda ruwa ke da alli fiye da kashi 200 cikin miliyan, kombi na buƙatar abin rage alli a bututun shigarta.

Ummu_Khalil:
An ce idan aka mayar da tsohon layi rufaffe yakan fara yoyo. Gaskiya ne?

Dan_Falamba:
Yakan faru Yaya. Layi mai ƙaramin tanki a sama matsinsa bai fi rabin ba ɗaya ba. Kombi da sistem rufaffu ne, ana cika su zuwa ba 1 ko 1.5 a sanyi, su ƙaru da zafi. Tsofaffin bawul na radiyeta da mahaɗin da laka ta toshe wa rami su ke fara ɗiga. A gwada layin da matsi kafin a rufe ƙasa. Sannan tulun iska da ke cikin boilar, mai karɓar kumburin ruwa, yawanci lita 8 ne ko 10. Radiyeta 12 na iya kai shi iyaka. Idan ya yi kaɗan allurar geji za ta hau har ba 3, bawul ɗin kariya ya zubar da ruwa waje, da safe ka tarar matsi ya faɗi boila ta ƙi tashi. A ƙara wani tulun a waje, ƙaramin aiki ne. Kuma idan an koma kombi dole famfon tura ruwa na shawa ya fita, ba a haɗa shi da ita.

Shehu_Gas:
Saura inda za a rataye ta. Sabuwar tana zubar da ruwan raɓa, lita ɗaya zuwa biyu a awa idan tana aiki sosai, kuma yana da ɗan tsami, don haka bututun roba ake sa masa ba tagulla ba. A yi iya ƙoƙari ya bi ta cikin gida zuwa magudanar sinki ko injin wanki. In dole sai ta waje, milimita 32 zuwa sama, gajere kada ya wuce mita 3, da gangara mai kyau, a naɗe shi da rufin da ruwa ba ya shiga. Siririn bututu a waje shi ne ke daskarewa a daren da aka fi buƙatar ɗumi, ruwan ya koma ciki boila ta kulle kanta.

Bakin bututun hayaƙi ya nisanci taga mai buɗewa da aƙalla milimita 300, kuma a tuna yana fitar da farin tururi, kada a saita shi ƙofar maƙwabci. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma ko'ina mai lasisin gas ne kaɗai ya kamata ya taɓa wannan aikin. A Birtaniya rajistar Gas Safe ce, kuma rufaffiyar silinda tana da nata takardar shaidar daban. Ranar gamawa a tsaya a ga ya sa na'urar gwajin hayaƙi, ya auna matsin gas tana cikakken aiki, ya rage iyakar ƙarfin ɗumama zuwa kusa da 9 ɗin da Binta ta lissafa, ya daidaita bawul ɗin kowace radiyeta, ya cike takardar aiki. Garanti yakan faɗi idan ba a yi rajista a kan lokaci ba ko an tsallake sabis na shekara. A sa ƙararrawar iskar kabon monoksaid a ɗakin.

Abban_Hafsa:
Allah ya saka da alheri. An duba bawul ɗin ƙarƙashin sinki, bai buɗe duka ba. Yanzu famfon waje yana ba da lita 17. Wannan ya canja wani abu?

Maman_Sadiq:
Ni har yanzu silinda. Mutum shida ne fa.

Malam_Tukur:
Da 17 kombi mai 35 da ke sauka ƙasa sosai za ta yi, in dai ba lallai sai an yi wanka biyu lokaci guda ba. Ga kabad ya samu, ga babu tanki a sama.

Injiniya_Sabo:
17 tana kan iyaka. Rufaffiyar silinda za ta ɗauki shawa biyu idan an sa wa kowace kai mai taƙaita ruwa zuwa lita 8, kuma ba wanda ya kunna injin wanki. Ka sa na biyun ya dawo da geji ya auna matsi famfo biyu a buɗe, da safe. Idan ya tsaya sama da ba 1.5 zan bi shawararsa, amma in nemi mai 15 ko mai 18 da ke sauka zuwa kilowat 3. Idan ya faɗi ƙasa da 1, maganar Kawu ce ko haƙa sabon bututu. Ka kuma tambaye shi ta ina bututun zubar da ruwan kariya na silindar zai fita waje, don kabad ɗin da ke tsakiyar gida wani lokaci wannan kaɗai ke hana aikin.